Matar aure da kambun sarauniyar kyau: wa ke riƙe gidan?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ina son in ji ra'ayinku kan wata Ba'amurkiya, Hannah Neeleman, wadda aka fi sani da Ballerina Farm a Instagram. Ta ci gasar matan aure ta Mrs. American a 2023 tana ɗauke da ciki na takwas. A Janairun 2024, kwana 12 kacal da haihuwa, ta ɗauki jaririyar ta tafi Las Vegas ta shiga gasar Mrs. World. Bidiyoyinta kullum ga ta tana tatsar saniya, ga ta tana kwaɓa burodi, yara na zagaye da ita. Ƙannena mata sun ɗauke ta abin koyi, har ɗaya na cewa ita ma haka take son gidanta ya zama. Tambayata biyu ce. Rayuwar nan da ake nuna mana haka take da gaske? Kuma aikin taimakon jama'a da ake cewa sarauniyoyin nan na yi, aiki ne ko hoto?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Kwana nawa kika ce, 'yata?

Maman Ilham: Goma sha biyu, Hajiya.

Hajiya Babba: Innalillahi. Ko suna bai daɗe da wucewa ba. Ina uwarta, ina uwar mijinta? A ce mace ko cibiyar ɗanta ba ta gama warkewa ba, ta ɗaura takalmi mai tsini ta hau dandamali? Ni wannan kaɗai ya ishe ni, ba na buƙatar jin sauran.

Anti Ungozoma: Hajiya, ni ma a nan na tsaya da na ga labarin. Mahaifa tana ɗaukar kusan mako shida kafin ta koma yadda take. A makonni biyun farko ne muke fargabar ɓallewar jini, da zazzaɓin jego, da hawan jinin da kan taso bayan haihuwa, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, musamman ga wadda ta yi doguwar tafiya a zaune. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego cikin awa 24 na farko, a sake dubawa a kwana na uku, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Ita ta yi ta tsira lafiya, mun gode Allah. Damuwata yarinyar da za ta gani a waya ta ce ai wance ma ta yi, ta tashi ta hau surfe da wanki tun jini bai ɗauke ba. Amma kar mu ɗauka namu jegon ba shi da gyara. Wankan tafasasshen ruwa da yawan kunun kanwa, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Hutun kwana arba'in ɗin shi ne alherin da ke cikin al'adarmu, shi za mu riƙe.

Auta: Anti, da girmamawa, amma ba jikinta ba ne? Matar nan ta yi karatun rawar bale a Juilliard, makarantar da shigarta sai wane da wane. Tun tana ƙarama take horar da jikinta. Kuma ba ta ce kowa ya kwaikwaye ta ba. Ni abin da ya burge ni, da aka tambaye ta a kan dandamali yaushe ta fi jin ƙarfinta a matsayin mace, sai ta ce lokacin da ta haihu ta rungumi jaririnta. A ƙasar da ake ganin yawan 'ya'ya kamar ci baya ne, ta tsaya ta faɗi haka. Ai na ɗauka mu ne za mu fara yaba mata.

Hajiya Babba: Auta, Allah ya kai mu ranar da za ki haihu, sai mu sake wannan maganar.

Auta: Amin Hajiya, amma tambayata tana nan.

'Yar Kano a Ohio: Bari in sa baki tunda a ƙasar nake zaune. Da farko a san cewa irin wannan gasa ta matan aure ba sabuwa ba ce. Mrs. America ta asali tun 1938 aka fara ta, kuma a shekarun 1950 har gasar girki da ɗinki da guga ake sa matan. Ta mutu a ƙarshen shekarun 1960, sai wani mutum David Marmel ya farfaɗo da ita a 1977, shi ne kuma ya kafa Mrs. World a tsakiyar shekarun 1980. Yanzu babu girki a ciki. Akwai hira da alƙalai, wadda ita ce mafi yawan maki, akwai doguwar rigar dare, akwai kuma kayan ninƙaya. Kowace mai takara tana zuwa da wata manufa da za ta yi wa hidima a shekararta: wata marayu, wata masu ciwon daji, wata matan da mazajensu ke duka. Ita kanta gasar ta haɗa kai da wata gidauniya mai yaƙi da shan ƙwaya, Victoria's Voice, wadda wasu iyaye masu kuɗi suka kafa bayan 'yarsu mai shekara 18 ta rasu a 2015 sakamakon ƙwayoyi.

Sai maganar Hannah. Mijinta Daniel ɗa ne ga David Neeleman, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na JetBlue. Gonarsu a jihar Utah ta haura eka 300. Nama suke sayarwa, da garin burodi, da kayan kicin, ana aika wa mutane ta gidan waya, kuma suna da ma'aikata. Burodin da kike gani tana kwaɓawa talla ce ta hajarta. Ban ce ba ta wahala ba, 'ya'ya takwas ba wasa ba ne ko a gidan sarki. Amma wanda ya kalli bidiyon ya ɗauka matar manomi ce da ta tashi daga babu, an yaudare shi.

Maman Biyu: To ashe! Ni da nake zaune ina zargin kaina. Tagwayena kaɗai, wallahi wata rana sai la'asar nake tuna ban karya ba. In ga wannan da takwas tana murmushi fes, sai in ce ni ce raguwa.

Anti Ungozoma: Ke ba raguwa ba ce, Maman Biyu. Allah ya raya mana su. Ki riƙa cin abinci don Allah, mai shayar da biyu ba ta wasa da ciki.

'Yar Kano a Ohio: Kuma ko ita ba kullum take fes ba. A Yulin 2024 wata jaridar Ingila ta je gidansu ta yi dogon rahoto, inda aka ruwaito cewa wani lokaci gajiya kan kwantar da ita har mako guda. Duniya ta ɗauka, aka yi ta cewa mijin ya danne ta, ya raba ta da rawar da take so. Ita kuma ta fito ta ce rahoton hari ne ga iyalinta, rayuwarta zaɓinta ce. Ni dai na yarda da bakinta a kan aurenta, don ita ke ciki. Abin da nake cewa kawai, minti ɗaya na bidiyo ba shi ne yini ba.

Malama: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Ni matsalata ba kwana 12 ba ce, ba kuma kuɗin surukinta ba. 'Yar'uwarmu ta Ohio ta ambaci kayan ninƙaya ta wuce, to ni a nan zan tsaya. Matar aure ta fito gaban alƙalai a auna surarta a ba ta maki, mijinta na cikin 'yan kallo yana tafi. Wannan a addininmu babu wani aikin alheri da zai wanke shi. Su ba Musulmi ba ne, ba na ɗora musu hukuncinmu, amma mu da muke nan kar kyawun manufar ya sa mu manta da hanyar. Kuma abin ya taɓa zuwa ƙofarmu. A Disambar 2021 Shatu Garko, 'yar Kano, ta zama Miss Nigeria da hijabinta, kun tuna yadda gari ya ɗauka har Hisbah ta ce za ta gayyaci iyayenta. Manya kuma sun tuna 2002, lokacin da aka kawo Miss World Najeriya, rikici ya ɓarke a Kaduna kan wani rubutun jarida, mutane sama da 200 suka rasa rayukansu, aka mayar da gasar Landan. Ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu.

Auta: Malama, na yarda da batun tsiraici, ni ma ba zan yi ba. Amma yarinyar nan ta Kano ba ta tuɓe ba, kuma zagin da aka yi mata ya wuce misali. Har iyayenta aka zaga.

Malama: Zagi ban goyi bayansa ba, ƙanwata, ban kuma taɓa yi ba. Nasiha daban, cin mutunci daban.

Shugabar zaure: Don Allah mu tsaya kan matan aure da aikin sa-kai kamar yadda Maman Ilham ta kawo. Maganar Shatu mun yi ta a lokacinta, ta kusa raba zauren nan.

Barista: To bari in dawo da mu. Maman Ilham ta tambaya ko aiki ne ko hoto. Ni ina ganin ba a gane wannan a shekarar sarautar, sai bayan an miƙa kambun ga wata. Ga misali. Wadda ta fara cin Mrs. World 'yar Sri Lanka ce, Rosy Senanayake. Ba ta tsaya a ado ba. Ta yi aiki da asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin jakadiyar fatan alheri, ta zama jakadiyar ƙasarta a Malesiya, ta shiga majalisar dokoki, a 2018 kuma ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar magajin garin Kolombo. Shekara talatin da wani abu tsakanin kambun da kujerar. Wannan ba hoto ba ne. A Indiya, Aditi Govitrikar da ta ci a 2001 likita ce tun kafin gasar. Sargam Koushal da ta ci a Disambar 2022 ta yi koyarwa, mijinta hafsan sojan ruwa ne. A Janairun 2025 Tshego Gaelae, lauya 'yar Soweto a Afirka ta Kudu, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci gasar. Matan nan yawancinsu suna da sana'arsu tun kafin su shiga. Kambun murya yake ƙara musu: wasiƙar da a da za ta kwana a teburin sakatare, yanzu sai a kira su a waya.

Amma a ƙasar Rosy ɗin ce kuma aka yi abin kunyar da ya fi kowanne. Afrilun 2021, a wajen naɗa Mrs. Sri Lanka a Kolombo, an sa wa Pushpika De Silva kambu, sai Caroline Jurie, wadda ke riƙe da Mrs. World a lokacin, ta karɓi makirufo ta ce dokar gasa ta hana sakakkiya, ta fizge kambun daga kanta a gaban jama'a har ta ji mata ciwo. Daga baya ta bayyana cewa matar ba a sake ta ba, rabuwar zama suka yi da mijin, tana rainon 'ya'yanta ita kaɗai. Aka mayar mata da kambunta, 'yan sanda suka kama Jurie, ita kuma ta ajiye nata kambun, aka ba Kate Schneider ta Ireland.

Inna ta Maraɗi: Wannan labarin ya taɓa ni, Barista. Wato ko a can ma bazawara ba ta da daraja? Ni na yi zawarci shekaru da yara a hannuna, na san kallon da ake yi mana a gidan biki. A ce mace ta riƙe 'ya'yanta ita kaɗai, ta ci da su ta sha da su, amma a ce ba ta cancanta ba don babu miji a ɗaka. Wa ya fi ta sanin riƙon gida?

Barista: Inna, gaskiyarki. Dokar ta ce sai mai aure, shi ya sa takardar aure ta fi ƙarfin aikin da mace ta yi. A ɗaya ɓangaren kuma gasar 'yan mata ta daɗe tana korar duk wadda ta taɓa aure ko ta haihu. A 2018 an ƙwace kambun Miss Ukraine daga Veronika Didusenko da aka gano tana da ɗa kuma aurenta ya mutu. Sai a 2023 Miss Universe ta buɗe ƙofa ga matan aure da masu 'ya'ya, har Camila Avella ta Kolombiya, mai miji da 'ya, ta kai cikin biyar na ƙarshe. A 2024 Chidimma Adetshina da ta wakilci Najeriya ta zo ta biyu, ita ma uwa ce.

Hajiya Babba: Duk na ji. Amma ku gaya min, mace sai an sa mata kambu za ta yi alheri? Mu da muka taso, in maƙwabciya ta haihu, ke za ki je ki hura wutar ruwan wanka, ki dama kunu, ki kwashe yaranta zuwa gidanki. In an yi rasuwa, tukunyarki ce a kan murhu kwana uku. Ba wanda ya kira shi aikin sa-kai, zumunci ne. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, su marigayiya Aisha Lemu, suka buɗe makarantu da asibitoci, matan aure ne da 'ya'yansu a goye. Kuma ku tuna matan rigakafin shan inna, masu bin gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa cikin rana, ana rufe musu ƙofa, ana jifansu da magana. A Fabrairun 2013 aka harbe tara daga cikin ma'aikatan nan a Kano. Da aka ce a 2020 Afirka ta rabu da cutar, wa ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu? Waɗannan su ne sarauniyoyina.

Maman Biyu: Allah ya jiƙansu da rahama. Hajiya kin sa ni hawaye.

Malama: Amin. Kuma naɗi don hidima ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta kafa 'Yan Taru, takan zaɓi mace mai hankali da amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa ta naɗe da jan rawani. Jajin ta koma ƙauyensu ta koyar da mata karatu, ta tara musu sadaka, a kula da marasa lafiya da marayu. Malfar nan alama ce da ke sa a saurare ta a duk inda ta shiga. Bambancin shi ne, da iliminta da halinta aka zaɓe ta, ba wanda ya auna ƙugunta.

Barista: Malama, kin kawo hujjata da kanki. Nana ta san cewa alama tana buɗe ƙofa, shi ya sa ta ba su malfa. Mu ne muka daina naɗa matanmu masu hidima. Hajiya ta tambaya wa ya san sunansu, to laifin wa? Su can sun ƙirƙiro hanyar da matar aure za ta tsaya gaban jama'a ta ce ga abin da nake yi, ku taimaka. Hanyar tana da aibu, ban musa ba. Mu kuma tamu hanyar ita ce mace ta yi ta yi har ta mutu, sai a wajen ta'aziyya a ce ai baiwar Allah ce.

Malama: Wanda ya yi don Allah ba ya neman a san sunansa, Barista.

Barista: Ita ba ta nema ba, amma aikin yana bukatar kuɗi, kuɗi kuma yana bin sunan da aka sani. Ko sadakar bayyane Alƙur'ani ya yaba ta, duk da ya ce ta ɓoye ta fi.

Malama: Haka ne. Niyya ce ke rabawa, ita kuma ba mu ke ganinta ba.

'Yar Kano a Ohio: Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba na intanet ba. Akwai wata abokiyar aikina, ba shahararriya ba ce, ta taɓa riƙe irin wannan sarautar a matakin ƙaramin yanki. 'Ya'yanta uku, na tsakiyar yana da larurar galahanga, ba ya magana sosai. Ita ce dalilin shigarta gasar, don ta samu bakin yin magana kan iyalai irin nata. Ranar Asabar takan je rumbun abincin mabuƙata da ke unguwarsu. Ta taɓa gayyata ta na bi ta. Wani tsohon ɗakin ajiya ne mai sanyi, da layin motoci a waje tun kafin a buɗe. Aikinta shi ne duba ranar lalacewa a jikin gwangwanaye, ta ware masu kumburi ko tsatsa, ta jera sauran a kwali: wake biyu, taliya, man gyaɗa, madara. Hannunta duk yankan kwali. Ƙyallen sarautar yana ninke a cikin jakarta, sai da wani mai shago ya kawo gudummawa yana son hoto ta ciro ta rataya, aka ɗauka, ta mayar ta koma kan gwangwanayenta. Na tambaye ta ba ta jin wani iri? Ta ce mutumin nan kafin ta samu ƙyallen bai taɓa amsa wayarta ba, yanzu duk wata sai ya aiko da mota.

Kuma kuɗi take kashewa, ba samu take ba. Kuɗin shiga gasa, riguna, mai koyar da tafiya da amsa tambaya, otal, duk daga aljihunta da na 'yan kasuwar da ta bi tana roƙo su ɗauki nauyi. Shi ya sa matar talaka ba kasafai take kaiwa can ba. Wannan ma a faɗe shi.

Maman Ilham: To ita me take yi na jin daɗin kanta? Don abin da ya fi tsaya min a rai ke nan. Duk in an gabatar da matan nan sai a ce tana son kaza, tana sha'awar kaza: hawan doki, lambu, gudu, zane. Ni tun da na yi aure ban san wani abu da nake yi don kaina kawai ba.

'Yar Kano a Ohio: Ɗinkin bargon ƙyalle-ƙyalle take yi, irin wanda ake harhaɗa guntayen yadi. Da daddare in yara sun kwanta sai ta zauna a keken ta. Ta ce awa ɗayan nan ce ke hana ta haukacewa. Wasu bargunan takan kai ɗakin jarirai bakwaini, amma ta ce ko ba za ta kai ko'ina ba za ta ɗinka.

Inna ta Maraɗi: Maman Ilham, 'yata, kar ki bari wannan ya mutu a jikinki. Iyayenmu suna da nasu. Kakata kaɗi take yi, in ta ɗauki mazari ba mai yi mata magana. Wata saƙar faifai, wata kitso, wata lalle, wata kiwon tantabaru. Ni ɗinkin hula ne ya riƙe ni lokacin zawarci, tun ina yi don ɗebe kewa har ya zama abin da nake biyan kuɗin makaranta da shi. Yanzu waya ta cinye wannan lokacin, sai kallon rayuwar wasu.

Maman Ilham: Wallahi Inna da ina saƙa da kwarashi kafin aure, har rigunan jarirai nake yi. Ban san inda allurar take ba yanzu.

Maman Biyu: Ni dai a ba ni barci awa biyu a jere, shi ne abin sha'awata a yanzu. In tagwaye sun yi wayo zan koma lambun bayan gida, ina son shuka alayyahu da yakuwa.

Auta: Amma kun lura duk wadda aka ambata akwai wanda ya tsaya mata? Ni abin da nake tsoro a aure ke nan. Ƙawayena da yawa suna zuwa gidan marayu da asibiti muna makaranta, ana ɗaura aure sai ka ji shiru. In ka tambaya, sai a ce maigida bai bari ba. Ba rawa za ta je ba, ba dandamali ba, ziyarar marasa lafiya ce fa.

Hajiya Babba: Wani mijin ba mugunta ba ce, Auta. Ya fita tun safe, in ta fita wa zai zauna da yara? Da muna gida ɗaya da kishiyoyi da faccaloli da kakanni, ki ajiye ɗa ki fita ba ki da fargaba. Yanzu kowa ya kulle kansa a gidan haya daga shi sai matarsa. Hannun da ke karɓar goyo ne ya yi ƙaranci. Amma akwai masu hanawa don son iko kawai, waɗannan ban kare su ba. Ki yi wannan maganar da duk wanda ya zo neman aurenki tun kafin a kawo lefe, a gaban waliyyinki.

Barista: Kuma ana iya sa shi cikin sharuɗɗan aure, kamar yadda ake sa ci gaba da karatu. Malama za ta gyara min in na yi kuskure.

Malama: Ba ki yi kuskure ba. Sharaɗin da bai saɓa wa shari'a ba, malamai da yawa sun ce a cika shi, ko da yake akwai bayani a mazhabobi kan ƙarfinsa. A je wa malamin da zai ɗaura auren tun da wuri, kar a bari sai ranar.

Hajiya Babba: 'Yar Ohio, ina da tambaya kan ƙawar taki. Yanzu da shekararta ta ƙare aka naɗa wata, tana zuwa wajen abincin har yanzu?

'Yar Kano a Ohio: Tana zuwa, Hajiya. Mai shagon ma bai daina aiko da motar ba, sun saba. Amma ta ce min cikin waɗanda suka yi takara tare, wasu tun daren da aka sanar da sakamako ba a sake ganinsu a wajen hidimar da suka yi ta rantsuwa a kai ba.

Hajiya Babba: To ranar Asabar ɗin wa ke zama da yaron nan mara lafiya?

'Yar Kano a Ohio: Mijin ne, mako ɗaya shi, mako ɗaya uwar mijin. Tsohuwar takan tuƙo mota daga wani gari tun daren Juma'a ta kwana a gidan. Yaron ba ya yarda da baƙo, sai su biyun. In ɗayansu bai samu dama ba, ranar ba ta fita.